Wasan jirgi na 1942: tambayoyin da ake yi mani a shago, da amsoshinsu

Sana'ata gyaran tele da salula a nan Tawa. Kafin in kama ta, na yi ƴan shekaru ina tsaron ɗakin wasa na yayana: tele biyu, benci uku, dala biyar ka buga har jiragenka su ƙare. Na'urar wasan da muka fara da ita shi ya zo da ita daga Abijan, shekarar da ya dawo daga ci-rani, a naɗe cikin bargo. Har yau akwai irinta ɗaya a ƙarƙashin teburin shagona, kuma idan aiki ya yi sauƙi nakan jona ta in buga 1942. Duk wanda ya shigo ya tarar da ni sai ya tanka. Tsarana su ja kujera su ce a ba su manet, abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga wasa, yara kuma su tsaya a baƙin ƙofa suna dariya: "Kawu, mi kake gani ga wanga abu?" Tambayoyin sun yi ta maimaituwa har na haddace su, shi ya sa na tara su wuri ɗaya.

Wane wasa ne 1942, kuma su wa suka yi shi?

Kamfanin Capcom na birnin Osaka a Japan ne ya fitar da shi a 1984. Ba don gida aka fara yin sa ba. Na manyan akwatunan nan ne masu tsayin mutum, waɗanda ake jefa wa kuɗin ƙarfe a gidajen wasa. Wanda ya tsara shi sunansa Yoshiki Okamoto, ya zo Capcom ne daga Konami, inda ya riga ya yi Time Pilot da Gyruss, su ma duka na harbi ne. Wanda ya taɓa buga Street Fighter II ya taɓa aikin wannan mutumin, don yana cikin waɗanda suka jagoranci yin sa daga baya.

Na kaset ya fito a Japan a 1985 a kan na'urar Famicom ta Nintendo, sannan a Amurka a 1986, inda na'urar take amsa sunan NES. Mu nan ba ta Nintendo ce ta iso mana ba. Kwaikwayonta ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, wata har an yi mata jiki irin na PlayStation don a ruɗi mai saye. Wasu ƴan ci-rani suka kawo, wasu kuma suka shigo ta Ƙonni cikin kayan ƴan kasuwa.

Yaya, ban taɓa bugawa ba. Me ake yi a ciki?

Kana kallon jirginka daga sama, kamar shaho yana kallon tsako. Teku yana tafiya a ƙarƙashinka daga saman gilashi zuwa ƙasa, jiragen abokan gaba suna fitowa, kai kuma kana iya zuwa ko'ina cikin fuskar tele. Maɓalli biyu ne kawai: ɗaya na harbi, ɗaya na alkafura. Harsashi ɗaya ya same ka, ko ka yi karo da wani jirgi, ka rasa rai ke nan. Babu wani ma'aunin jini da ke raguwa a hankali.

Zango 32 ne, kuma ana ƙidaya su da baya, daga 32 zuwa 1. Kowane zango kana tashi daga kan jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, idan ka kai ƙarshe ka sauka a kansa, a nuna maka kashi nawa cikin ɗari na abokan gaba ka kakkaɓo. An raba zangunan huɗu-huɗu da sunayen wurare takwas: Midway, Marshall, Attu, Rabaul, Leyte, Saipan, Iwo Jima da Okinawa, manufa kuma a kai Tokiyo. Mutum biyu na iya bugawa, amma bi da bi. Sai na farko ya mutu na biyu ya karɓa.

Alkafurar nan da jirgin yake yi, ado ce ko tana da amfani?

Ita ce ma zuciyar wasan. Idan ka danna, jirgin yakan tashi sama ya juya ya dawo, kuma muddin yana cikin juyin babu harsashi ko jirgin da zai taɓa shi. Amma kai ma ba ka harbi a lokacin, kuma uku ake ba ka a kowane zango. Wadda ba ka taɓa ba ana biyanka ladanta da maki idan ka sauka.

A ɗakin wasanmu na ga mutane iri biyu. Akwai mai tsoro, wanda da ya ga ɗigo uku sun nufo shi sai ya danna, kafin tsakiyar zango ya kashe duka ukun. Akwai kuma marowaci, wanda zai mutu da alkafura uku a aljihu don yana ajiye su saboda wata rana. Na biyun ya fi yawa, kuma ni ma daga cikinsu na fito. Abin da na koya da wuya shi ne a lura da inda za a sauko. Sau da yawa mutum yakan tsere wa harsashi ya dire a kan fiffiken wani jirgi, don yana can sama bai duba ƙasa ba.

Jajayen jiragen da ke zuwa a jere fa?

Ka kakkaɓe su duka, kada ko ɗaya ya tsere, sai wata alama mai rubutun POW ta faɗo. Wata takan mayar da harbinka layi huɗu maimakon biyu. Wata ta kawo maka ƙananan jirage biyu su tsaya dama da hagu suna taya ka harbi. Wata ta share duk abin da ke kan gilashi, wata ta ƙara maka alkafura.

Tarko ne kuma. Jajayen sukan yi kewaye a saman gilashi, inda ya fi haɗari, alamar kuma ta faɗo a inda na ƙarshensu ya mutu. Kwaɗayi mabuɗin wahala: rayukan da yara suka zubar a ɗakinmu wajen bin POW sun fi waɗanda babban jirgi ya ci. Ƴan rakiyar nan biyu ma sai ka iya da su, don suna ƙara maka faɗi, kuma da harsashi ya taɓa ɗaya ya tafi ke nan, ka koma tafiya da hannu guda.

To, tsakani da Allah, me ya sa har yanzu kake yabonsa?

Saboda ba ya ha'inci. Kusan duk mutuwar da za ka yi, idan ka yi wa kanka adalci, za ka ga inda ka kuskure. Kowane irin jirgi yana da halinsa, kuma ba ya sake shi. Ƙananan sukan gangaro, su yi harbi, wasu su juya su koma. Matsakaita sukan yi ta kewaya sai ka yi musu ruwan wuta. Manyan masu jefa bam kuwa daga bayanka suke fitowa, daga ƙasan gilashi, su wuce ka a hankali sannan su riƙa harbo ka ta wutsiya. Wannan na ƙarshen dabara ce mai kyau daga waɗanda suka tsara wasan. Kowane sabon shiga yakan maƙale a can ƙasa yana zaton ya samu mafaka, sai babban jirgi ya taso ta nan ya murƙushe shi. Da haka wasan yake koya maka, ba da rubutu ko ɗaya ba, cewa wurin tsayuwarka shi ne ɗan sama da ƙasa kaɗan, inda kake da hanyar gudu ta kowane gefe.

Mu mutanen Adar mun san wannan a filin kokowa. Ba kullum mai ƙarfi ne ke kayarwa ba, sau da yawa wanda ya iya aje ƙafa ne. A 1942 saurin yatsa yana da amfani, amma wurin da ka tsaya daƙiƙa biyu kafin harsashi ya iso shi ke raba mai rai da matacce. Gwani idan yana bugawa ba ka ganin yana fizge-fizge. Ɗan motsi kaɗan yake yi, kamar mai kauce wa kabu-kabu a bakin kasuwa.

Sannan ba ya neman ka iya wani harshe. Yaron da bai taɓa shiga lakwal ba da malaminsa duk ɗaya suke a gaban manet. Cikin minti ɗaya ka gane dokokinsa, wata shida kuma ba ka gama ƙwarewa ba. Lissafin nan na kashi cikin ɗari ma ya ba mu abin gardama. Ba ƙare zango kaɗai ake tinƙaho da shi ba, sai an tambaye ka nawa ka samu. Na san wanda ya yi sati biyu ba ya zuwa fada saboda ƙanensa ya wuce shi a zango na 30.

Aibinsa fa? Ko ba shi da shi a wurinka?

Yana da shi, kuma babba ne: ya fi ƙarfin abin da ke cikinsa tsawo. Duk abin da wasan zai nuna maka ya gama nuna shi kafin ka ci zango takwas ko tara. Daga nan sai maimaici. Teku mai launi ɗaya, tsibiri, teku, tsibiri, jiragen da ka riga ka sani sun ƙara yawa sun ƙara zafin harbi. Sunan wurin yana canzawa, Rabaul ta koma Leyte, amma idonka ba ya shaida cewa ka yi tafiya. Wanda zai ƙare shi sai ya zauna fiye da awa guda yana danna maɓalli ɗaya. Da sun tsaya a zango 16, da ban da abin cewa.

Babban abokin gaba ma ɗaya ne tak, wani ƙaton jirgi mai suna Ayako, wanda ya kusa cika faɗin gilashi. Ranar da ka fara ganinsa gabanka zai faɗi. Amma sau huɗu yake zuwa, kuma shi ɗin ne dai, ba sabon salo. Zuwa na uku kana gaishe shi ne kamar maƙwabci.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu ci rai. Idan ka mutu, harbi huɗu da ƴan rakiya duk sun tafi, a mayar da kai baya da ƴar bindigarka ta farko, a wurin da ko da kayanka cikakku da ƙyar kake numfashi. A zangunan ƙarshe mutuwa ɗaya takan ja biyu. Idan kana bi ta kan tsibiri, koren jirgi yakan saje da koren daji, harsashi kuma ɗan ɗigo ne da ke ɓacewa cikin zanen ƙasa. Nan kam maganata ta cewa ba ya ha'inci tana da rauni, na yarda. Kuma wasan ba ya yi maka harbi idan ka riƙe maɓalli, kowane harsashi sai ka danna. Abin da ya cece mu shi ne manet ɗin na'urorin kwaikwayo suna zuwa da ƙarin maɓallai biyu masu harbi ba tsayawa. A nan ɗaya dai jabu ya fi na asali.

Wannan ƙarar da yake yi kamar ƴan sanda na busa usur, kiɗa ne ko na'urar ce ta lalace?

Kiɗan ke nan. An taɓa kawo mani na'ura gyara saboda shi. A na akwati an yi shi ne kamar faretin soja, ganga da usur, babu wata waƙa a ciki. Da aka mayar da shi kaset sai usur ɗin ya koma wani tsiwa mai huda kunne, tit-tit-tiit, daga zango na 32 har na 1. Innarmu takan aiko daga cikin gida a ce mu kashe wannan gyare. Ni yanzu nakan rage muryar tele gaba ɗaya in kunna rediyo. Babu abin da za ka rasa.

Me ya sa jirage suke ƙyaftawa, wani lokaci har su ɓace, tafiyar kuma tana sarƙewa?

Wannan tambayar ta masu gyara ce, kuma ina jin daɗinta. Abu biyu ne suka haɗu.

Na farko iyakar na'urar ce. Famicom, da duk masu kwaikwayonta, tana iya ɗaukar ƙananan hotuna masu motsi 64 a lokaci ɗaya, amma a kan layi ɗaya na kwance 8 kawai take iya zanawa. Kowane irin hoton faɗinsa ɗigo 8 ne, don haka jirginka kaɗai ya ci fiye da ɗaya, babban jirgi kuma ya ci da yawa. Idan abubuwa suka yi cunkoso a layi ɗaya, dole wasu su bari. Sai a riƙa nuna wannan yanzu, wancan an jima, cikin sauri, shi ne ƙyaftawar da kake gani. Matsalar ita ce harsashin da bai bayyana ba yana nan, kuma yana kisa. Ka tuna kuma ƙwaƙwalwar aikin na'urar kilobayit 2 ce, wasan gaba ɗayansa kuma kilobayit 40. Hoto ɗaya da ake turo maka ta WhatsApp yakan fi shi nauyi.

Na biyu aikin hannu ne. Ba Capcom da kanta ta mayar da wasan kaset ba, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Micronics aka ba aikin, kuma masu bin tarihin wasanni sun san shi da tafiya mai tsalle-tsalle. Hujja ita ce a kan wannan na'urar dai akwai wasannin da ke gudu sumul. Saka Contra ko Galaga bayan 1942 ka ga bambanci da idonka.

Ke nan wanda muka taso da shi ba shi ne na ainihi ba?

Kama da wane ba ta wane. Na akwati gilashinsa a tsaye yake, ya fi tsawo bisa faɗi, don haka kana hango abokan gaba tun daga nesa. Launinsa ya fi yawa, tafiyarsa santsi, babu ƙyaftawa irin wannan. A kaset an matse shi cikin tele mai faɗi, sararin da ke gabanka ya ragu. Ban ga na akwati ba sai da na girma, a kwamfutar wani abokina a Yamai, kuma ranar na ji wani iri. Ashe shekara da shekaru muna gardama a kan inuwar wasan ne. Duk da haka hannuna na kaset ya saba da shi, a na ainihin ban kai ko'ina ba.

Kaset ɗina an rubuta 9999999 a jiki. Wasannin jirgi nawa ne a ciki?

Kaɗan, maigida. Irin waɗannan kaset wasanni ƴan ƙalilan ne ake jerawa ana maimaita su da sunaye daban-daban, wani a fara ka daga tsakiya, wani a canza launi. Abin da aka saba samu shi ne Mario, wasan tankoki, harbin agwagwa da ɗan wasan dawaki da zaki. Na jirgi kuwa, in ka yi sa'a, 1942, ko Sky Destroyer na Taito wanda ake kallon jirgin ta baya, ko TwinBee mai ƙararrawa, ko Xevious. Ka sa mai sayarwa ya jona maka a gabanka, ka nemi 1942 da idonka kafin ka ba da kuɗi.

Yaƙin da ke ciki ya faru da gaske?

Wuraren na gaske ne, labarin kuwa an yi masa gishiri. Yaƙin Duniya na Biyu ne a tekun Fasifik, tsakanin Amurka da Japan. An gwabza a Midway daga 4 zuwa 7 ga Yuni 1942, wata shida bayan harin da Japan ta kai wa Amurka a Pearl Harbor. Japan ta rasa manyan jiragen ruwa huɗu masu ɗaukar jiragen sama, Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu, Amurka ta rasa Yorktown, kuma daga nan yaƙin ya fara juyawa. Amma yawancin sauran wuraren ba na 1942 ba ne. Attu an ƙwato ta a 1943, Saipan da Leyte 1944, Iwo Jima da Okinawa 1945. Shekara huɗu aka cusa ƙarƙashin suna ɗaya.

Jirgin da kake tuƙawa, mai jela biyu, P-38 Lightning ne na kamfanin Lockheed. Jirgi ne na gaske mai inji biyu, kuma irinsa ne suka harbo jirgin Admiral Yamamoto, wanda ya tsara harin Pearl Harbor, a Afrilun 1943. Waɗanda suka yi lakwal sun san marubucin Faransa Saint-Exupéry: cikin wani nau'in wannan jirgin, na ɗaukar hoto, ya ɓace a tekun Bahar Rum a Yulin 1944. Sai dai P-38 daga filin ƙasa yake tashi, ba daga kan jirgin ruwa ba kamar yadda wasan ke nunawa.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai idan na faɗa shi ne wannan: Japanawa ne suka yi wasan, amma kai Ba'amurke ne a ciki, kana kakkaɓo jiragen Japan kana nufar Tokiyo, shekara 39 kacal bayan ƙare yaƙin. Wani dattijo da ke kawo mani rediyo ya ce shi bai ga abin mamaki ba, ɗan kasuwa inda ciniki yake nan yake fuskanta.

Tsakanin 1942 da 1943 wanne zan nema?

1943, ba tare da dogon tunani ba. Shi ne wasan da ya biyo bayan 1942, ya fito a akwati a 1987, a kaset a 1988, kuma kusan duk abin da na yi kuka da shi a sama an gyara shi. An kawo ma'aunin ƙarfi da ke raguwa da lokaci da kuma duka, don haka harsashi ɗaya ba ya kashe ka. Akwai makamai iri-iri. Kana sauka ƙasa-ƙasa ka yaƙi jiragen ruwa, kana fasa bindigoginsu ɗaya bayan ɗaya, kuma a na akwati zango 16 ne, ana rufewa da ƙaton jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Yamato, mutum biyu kuma suna iya bugawa tare. Na kaset Capcom ce ta yi shi da hannunta. Mutum ɗaya ke bugawa, amma kana rarraba maki don ƙara wa jirginka ƙarfin hari ko na kariya, kuma ana ba ka kalmar sirri ka ci gaba gobe daga inda ka tsaya. Ga kiɗa na gaske.

Abin da 1942 ya fi shi ɗaya ne: tsoron nan na rai guda. A 1943 kana iya yin sakaci ka sha. A 1942 ba ka jingina da bango.

Daga baya an yi wasu wasannin a jerin: mai suna 1941 a 1990, da 19XX, da mai suna 1944 a 2000. Waɗannan ba su zo a kaset ɗinmu ba.

Na jona ta da sabuwar tele, hoton ya yi muni kuma jirgin yana jinkiri. Me zan yi?

Ba laifin na'urar ba ne. Tele mai faɗin nan sai ta sarrafa hoton kafin ta nuna shi, wannan ɗan jinkirin kuma a wasan da ɗigo ɗaya ke kisa ya isa ya hallaka ka. Duba cikin saitinta ko akwai yanayin wasa, ka kunna shi, ka mayar da hoton 4:3 don kada jirgin ya baje. Mafi kyau ka nemi tsohuwar tele mai ƙugu, suna nan jibge a shagunanmu ba mai so. Bindigar harbin agwagwa ma sai da irinta take aiki.

Tsofaffi za su tuna cewa a wasu gidajen wasan fari da baƙi yake fitowa. Dalili shi ne telebijin ɗin ƙasarmu tsarin SECAM ya bi, irin na Faransa, na'urorin kuma galibi PAL ne, irin na Najeriya. Telen da ba ta san PAL ba sai ta nuna hoto ba launi. Kuma na'urorin PAL sau 50 suke sabunta hoto a daƙiƙa, na Japan sau 60, don haka wanda muka buga ya fi na Japanawa sanyin gudu. Kada wanda ya ƙare shi a nan ya cika baki da yawa.

A lura da adafta lokacin zafi. A watan Afrilu da Mayu ita ce ke fara ƙonewa, kada a bar ta a jone idan an tashi.

A salula fa?

Ana iya bugawa, amma yatsa a kan gilashi ba ya jin inda maɓalli yake, kuma babban yatsanka yana rufe kusurwar da manyan jirage ke fitowa. Ka nemi manet mai Bluetooth. Mai kwamfuta ko sabuwar na'ura ya duba tarin wasannin nan Capcom Arcade Stadium da ya fito a 2021, akwai na akwati na ainihi a ciki, 1942 da 1943 duka.

Malam, in bar yarana su buga?

Babu jini, babu tsiraici, babu caca, ba ya cin kuɗin intanet, kuma babu baƙon da zai yi musu magana ta cikinsa. Abin da za ki tsare, Hajiya, lokaci ne: sallah, makarantar allo da aikin lakwal. Kada ki damu da yawa, zango biyar ko shida za su yi su gaji da kansu.

Kai ka taɓa ƙare shi? Me ake gani a ƙarshe?

Sau ɗaya, kuma sai a gwaji na biyu. Na farko muna samari, wani dare cikin hutun lakwal, muka rufe ɗakin wasa ni da yayana da abokai uku muka ce yau sai Tokiyo. Muka riƙa karɓa-karɓa, wanda yatsansa ya gaji ya miƙa, ana dafa shayi a bakin ƙofa. Mun kai zango na 3, ina riƙe da manet, rai biyu a hannu, sai kuran ya ɗauke. Na'urar ba ta ajiye komai. Muka zauna cikin duhu ba mai magana, sai ƙarar butar shayi.

Na biyu bayan shekaru ne, a shagon nan, da batirin sola a ƙarƙashin tebur. Yayana yana zaune a benci, furfura ta fara fito masa. Na wuce Ayako na huɗu, na ci zango na ƙarshe, jirgin ya sauka. Muka matso kusa da tele muna jiran mu ga Tokiyo, ko tuta, ko fareti. Sai ga kalma ɗaya ta Ingilishi a kan gilashi, CONGRATULATION, wadda wani malamin lakwal ya gaya mani daga baya ko harafinta na ƙarshe ba su sa ba.

Yayana ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, Yaya. Ya ce in ba shi manet.